Ƙodar da Na Yi wa Gajere Alkawari

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na dawo daga asibiti. Ko takalmi ban cire ba.

Yau ya kamata a faɗa mana ranar aiki. Jinina ya dace da na ƙanena Gajere, zuciyata lafiya, saura hoton ciki kawai, wanda aka ɗauka don a ga wace ƙoda za a cire daga jikina a sa masa. Likitan ƙoda ya ce in shigo ni kaɗai. Gajere yana bene a ɗakin wankin ƙoda, an jona shi da inji, yana jiran in hau in faɗa masa rana.

Likita ya juyo da kwamfutarsa, ya ɗora bakin biro a kan ƙodata ta hagu, ya ce, "Kin ga nan?" Na ce ni duk toka-toka nake gani. Ya ce akwai ƙari, bai kai ƙaramin lemun tsami ba. Na ce ba na jin ciwo. Ya ce yawancinsu haka suke, sai an je neman wani abu ake cin karo da su.

Na ce, "To a ɗauki ta dama mana." Ya ce, "A bar ki da wacce?"

Na hau bene. Na ce wa Gajere an ɗage, akwai gwajin da za a sake. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, mutanen nan za su ƙarar miki da jini kafin su zo kan ƙodar." Ni ma na yi dariya.

Talata, da sassafe

Maigida kaɗai na faɗa wa. Ya daɗe zaune a bakin gado da safa ɗaya a ƙafa. Da ya tashi sai ya ce, "Ki faɗa wa ƙanenki." Na ce ba yanzu ba. Ya tafi ɗaukar motarsa bai sha shayi ba.

Talata, bayan la'asar

Na je aiki gidan burodi. Yis ɗin da aka kawo ba shi da ƙarfi, kwaɓin farko ya ƙi tashi, Manaja ya yi ta faɗa kamar ni na haɗa shi. Na tsaya kan injin yanka har tafin hannuna ya mutu. Mai Tanda, abokiyar aikina, ta tambaye ni yaushe ne aikin asibitin, don ta san ranar da za ta karɓi wurina. Na ce an ɗage. Ta ce asibiti ke nan.

Gara in rubuta dalilina a nan, ko ni ma na gani ko dalili ne. Bara da aka gwada matarsa aka ce jininsu bai dace ba, Gajere ya daina zuwa wanki. Bai yi faɗa ba, bai yi kuka ba, ya rufe shagonsa na gyaran fanka ya kwanta, ya ce ya gaji da inji. Sai da ƙafafunsa suka kumbura kamar matashi, numfashi ya gagare shi, muka ɗauke shi ranga-ranga. A bakin gadon nan na ce masa tawa na nan. Tun ranar bai sake tsallake wanki ba.

Ni na goya yaron nan. Ni na sa masa Gajere, don har ya shiga makaranta bai kai teburin Inna ba. Yanzu sai ya sunkuya yake shiga ɗakina, sunan kuma ya ƙi barinsa.

Alhamis, da hantsi

Na koma wurin likitan ƙoda, da Maigida. Wannan karon na tambayi abin da na kasa tambaya ranar Litinin. Ya ce ba zai iya cewa e ko a'a daga hoto ba, don ƙarin ƙoda ba iri ɗaya ba ne, dangi ne guda, kowanne da halinsa. Wanda ya fi yawa a manya, in an yanka shi rawaya ne saboda kitsen da ke cikinsa, yana da jijiyoyin jini da yawa, shi ne mai son tafiya wasu sassan jiki. Akwai wani mai tsirowa kamar 'yan yatsu, wani lokaci fiye da ɗaya a ƙoda guda. Akwai koɗaɗɗe, mai sanyin jiki, ba kasafai yake barin wurinsa ba. Waɗannan duk abin nan ne da ba na son rubutawa. Sai kuma biyu da ba shi ba ne: ɗaya cakuɗen kitse da tsoka da jijiya, ɗaya kuma mai ruwan ƙasa da tabo a tsakiya.

Ya ce mai cakuɗen kitse da tsokan nan ana gane shi a hoto, nawa ba shi ba ne.

Na ce, "Mai ruwan ƙasan fa?" Ya ce yana yiwuwa. Za a sa allura a ɗebo ɗan nama a duba. Na ce in shi ne, zan iya bayarwa? Ya ce an taɓa yi, a cire ƙodar, a yanke ƙarin, a dasa ta. Ya ce amma kada in rataya zuciyata a nan.

Na riga na rataya. Tun a mota nake cewa mai ruwan ƙasa, mai ruwan ƙasa, kamar mai tsoron manta saƙo.

Jumma'a, da yamma

Ranar wankin Gajere ce. Ban hau ba.

Asabar, bayan azahar

Na je wurin Inna na wanke mata kai. Tana zaune a kan kujerar roba tana lissafa abin da za ta yi in an gama aikin: wa zai kwana da ni, wa zai kwana da shi, bargon da ta ajiye. Ta ce, "Ke kam Allah ya yi miki albarka, kin ɗauke min dutse daga ƙirji." Na ce amin, na ce ta rufe ido sabulu zai shiga.

Na gaji. Ba gajiyar aiki ba ce.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

An sa allurar. An kwantar da ni rub da ciki, an kashe wurin, aka ce in riƙe numfashi. Na ji ƙara kamar an danna biro, sau da yawa. Nas ta nuna min kwalbar, wasu 'yan zare-zare ne ke yawo a cikin ruwa. A kansu rayuwar mutum biyu take.

An ce in kwanta, kada in ɗaga abu mai nauyi. Na aika wa Manaja cewa bayana ne ke ciwo.

Gajere ya kira ina kwance a ɗakin hutawa, bene ɗaya tsakaninmu. Ya ce, "Yaya, kina ina?" Na ce ina gida. Daidai lokacin aka kira wani likita ta lasifika. Ban sani ba ko ya ji. Ya ce to, a gai da Maigida.

Laraba, da safe

Jinin da nake gani a fitsari tun bayan allurar ya tsaya, fitsarin ya washe. Na koma aiki, an sa ni sa burodi a leda a zaune.

Laraba, da yamma

Na hau bene yau, don ba ni da hujjar ƙin hawa kuma. Yana kwance da bargo har wuya, ɗakin kullum da sanyi. Amarya na gefensa. Shekara da shekaru da aurensu, da 'ya'yansu, amma har yau Amarya muke ce mata. Ta gaishe ni ba ta ɗago ba.

Ya ce, "Wane gwaji ne har yanzu?" Na ce na jini ne, wani abu ya ɗan hau. Ya ce wane abu. Na ce ban riƙe sunan ba. Ya dube ni, sannan ya dubi injin, inda jininsa ke zagawa a cikin robar nan.

Ya ce, "Yaya, in kin ji tsoro ba komai. Ba dole ba ne. Kina da iyali."

Na ce ba haka ba ne. Ya ce, "To." Ya tambaye ni yara, ya tambaye ni aiki, ya yi min godiya da na zo. Tunda aka haife shi bai taɓa yi min godiya don na zo ba.

A bakin matakala Amarya ta biyo ni ta ce, "Yaya, da tun farko ba ki yi masa alkawari ba ya fi." Ta juya. Ban kira ta ba.

Alhamis, da asuba

Maigida ya ce ina kashe kaina a banza, ina kuma zaluntar yaron. Na ce jira kaɗan ne, in mai ruwan ƙasa ne sai in hau in faɗa masa komai a lokaci ɗaya, da abin da rana. Ya ce in ba shi ba ne fa. Na ce ya miƙo min gyalena.

Asabar, da yamma

Babu labari.

Litinin, da yamma

Babu labari. Ko Gajere ya je wanki, na tambayi nas ta waya. Ya je.

Talata, bayan la'asar

Sakamako ya fito, kuma bai ce komai ba.

Likitan ƙoda ya karanta min, ban gane ba, na sake tambaya, ya sake karantawa. Da ya ga ba zan tashi ba, ya kira wadda ta duba naman ya ce ko za ta gan ni. Ofishinta na ƙasa, bayan ɗakin ɗaukar jini, wurin na warin magani mai shiga ido. Dattijuwa ce da tabarau rataye a wuya, tebur cike da ƙananan gilasai masu ɗigon ruwan hoda. Ta ce ba kasafai masu naman ke zuwa wurinta ba, ita gilashi kawai take sani.

Ta sa nawa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ta ce in leƙa. Na ga fili ruwan hoda, cike da 'yan ɗakuna, kowane da ɗigo mai duhu a tsakiya. Ta ce ƙwayoyin halitta ke nan. Ta sa na wani don in ga bambanci: nasa ɗakunan fayau suke, kamar kumfar sabulu, da jan zare tsakaninsu. Ta ce wannan ne mai rawaya, ba nawa ba ne. Ba mai yatsu ba ne kuma. Har na fara jin daɗi.

Ta ce saura biyu, kuma su biyun kamar wa da ƙane suke. Mai ruwan ƙasa, ƙwayoyinsa ruwan hoda ne masu tsaki-tsaki, ɗigon tsakiyarsu a mulmule sumul. Koɗaɗɗen kuma bangon ɗakunansa ya fi kauri, ɗigon a yamutse yake, da ɗan farin zobe kewaye da shi. Amma akwai koɗaɗɗen da ke sa rigar ɗan'uwansa, shi ma ya yi ruwan hoda. Ta ce a nawa yawanci sumul ne, sai dai ga wasu can a gefe da ba ta yarda da su ba, kuma abin da allura ta ɗebo ya yi kaɗan.

Na ce, "Likita, ke a ranki wanne kike gani?"

Ta cire tabarau ta ce, "'Yata, in na faɗa miki abin da ke raina, kin ɗauke shi kin hau bene da shi. Sai na ga abin gaba ɗaya a hannuna."

Ashe ta san da maganar bene.

Talata, da magariba

Likitan ya ce ba za a sa wa mutum ƙodar da ba a san abin da ke jikinta ba, balle wanda zai riƙa shan maganin da ke kwantar da garkuwar jiki. Za a yanke ƙarin a bar min sauran ƙodar. Na ce in an yanke aka ga mai ruwan ƙasa ne fa, bayan na warke? Ya ce, "Sai mu zauna. Ban yi miki alkawari ba." Ya faɗa a hankali, irin yadda ake yi wa yaro.

Alhamis, da rana

Na ƙona tire biyu. Ba aikina ba ne ma, Mai Tanda ta fita ta ce in duba mata, na tsaya ina kallon ƙofar tandar har hayaƙi ya fito. Ta ce wa Manaja ita ce. Da muka fita shan iska ta ce, "Ke, mene ne?" Na ce gajiya. Ta ce ta san gajiya, ba haka fuskarta take ba. Ba ta matsa ba, ta raba min lemunta.

Jumma'a, da yamma

Inna ta kira. Ta ce Amarya ta zo tana kuka, ta ce na janye. Ta ce, "Gaskiya ne?" Na ce Inna ki ƙara min haƙuri. Ta ce, "Jikinki ne. Ni ba zan ce komai ba. Dukanku ni na haifa." Ba ta sa min albarka ba kafin ta ajiye. Kullum tana sawa.

Lahadi, da safe

An sa aikina ranar Laraba, a ɗaya asibitin da ke bayan tashar mota, can likitan fiɗa yake aiki. Na ji sauƙi da ba gini ɗaya ba ne. Na ɗauko jakar da na haɗa tun watan jiya don aikin Gajere. Komai na ciki, zane, silifa, buroshi. Ban ƙara komai ba, ban cire komai ba.

Na ce wa yara aikin baya za a yi min. Babbar ta dube ni da idon da ya nuna ba ta yarda ba, ta ce za ta riƙe gidan.

Talata, da yamma

Ba ci ba sha daga tsakar dare. Maigida ya goge motarsa sau biyu.

Asabar, da hantsi

Sai yau na iya riƙe biro. Akwai roba a gefen cikina, tana zuba cikin wata 'yar jaka. Tari azaba ne. Matar gadon kusa da ni tana da baƙi kamar kasuwa, ni Maigida ne kawai da babbar 'yata, sai na ce wa matar danginmu na nesa ne.

Likitan fiɗa ya zo zagaye ya ce ya fita salin alin, da ɗan nama mai lafiya kewaye da shi, ƙodar ta zauna. Na ce, "Wane launi ne?" Ya yi mamaki. Ya ce shi bai yanka shi ba, aikin ɗakin gwaji ne, amma daga waje kamar ƙasa-ƙasa. Na ce mai duhu ko mai haske? Ya ce, "Baiwar Allah, ki huta."

Ƙasa-ƙasa. Na kwana ina juya kalmar.

Litinin, bayan azahar

Gida. An cire robar. Matakalar ƙofarmu ba ta taɓa yi min tsawo haka ba.

Laraba, bayan la'asar

Amarya ta zo.

Babu kowa a gidan, ƙofa a buɗe saboda zafi. Na ji sallamarta daga tsakar gida, kafin in ja zane ta shigo. Ta zo da fankata ce, wadda na kai wa Gajere gyara tun kafin wannan abin. Ya gyara ya ce ta kawo min, kada a ce ya riƙe min kaya. Ta tsaya da fankar a hannu tana kallon bandejin da ke gefena.

Ta ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Na faɗa mata. Ban yi zaton zai fito da sauƙi haka ba. Ta ajiye fankar, ta zauna a ƙasa ta jingina da gado, ta rufe fuska da mayafi. Ta ce ta zage ni a ranta, ta zage ni a gaban Inna, ta hana yaranta zuwa gidana. Na ce ni na ja. Ta ce, "E, ke kika ja." Muka yi dariya, dariyar ta ja min ɗinki har na riƙe gefe.

Na tambaye ta yana zuwa wanki? Ta ce yana zuwa, amma ya daina kula da iyakar ruwan da likita ya ƙayyade masa, yana sha yadda ya ga dama, nas na ta faɗa. Ya ce tunda babu abin jira, a bar shi ya sha. Na ce kin gani, abin da nake gudu ke nan. Ta ce, "Yaya, abin da kike gudu ya riga ya same shi. Bambancin kawai, yana zaton kin gudu ne."

Ta ce ba za ta iya kwana ɗaki ɗaya da shi da wannan a bakinta ba. Na roƙe ta ta jira zuwa ranar sakamako. Ta ce daga ranar ko ban faɗa ba ita za ta faɗa. Ta jona fankar, ta share min ɗaki, ta wanke kwanuka kafin ta tafi.

Jumma'a, da safe

Babu labari. Sun ce ana sa wa naman wasu rini na musamman, shi ya sa.

Lahadi, da yamma

Na taka har bakin titi na dawo. Na yi gumi kamar na yi dako.

Talata, ƙarfe uku na rana

Koɗaɗɗen ne.

Dattijuwar da kanta ta hawo ofishin likitan ƙoda. Ta ce da ta yanka shi ba shi da duhun da take fata, babu tabo a tsakiya, ya yi fari-fari. A gilashi kuma ga bango mai kauri, ga ɗigo a yamutse da zobensa, rinin ma ya kama shi ko'ina. Ta ce ciwon daji ne. Ga shi na rubuta. Ta ce amma a cikin danginsa yana cikin masu sauƙin kai, ƙarami ne, bai fasa fatarsa ba, gefen da aka yanka tas yake. Ba sai an ƙara min wani magani ba, hoto kawai lokaci-lokaci.

Maigida ya sunkuyar da kai yana ta hamdala. Likitan ya ce na yi sa'a, da ba don gwajin nan ba da sai ya girma.

Na ce, "Bayarwa fa?"

Ya ce a'a. Ba bana ba, ba baɗi ba. Ya ce ƙoda ɗaya da ragowar ɗaya gare ni, kuma dole a riƙa sa musu ido. Wannan karon bai ce sai mu zauna ba.

Kowa a ɗakin yana min murna. Na yi godiya. Dattijuwar ta dafa kafaɗata a bakin ƙofa.

Talata, da magariba

Na san ya kamata in ji daɗi. Wataƙila gobe.

Laraba, da yamma

Na hau bene. Sai da na huta a tsakiyar matakala.

Amarya ta gan ni ta tashi ta ba ni kujerarta ta fita. Fuskarsa ta kumbura, idanun sun ƙanƙance. Ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Fankar ta yi?" Na ce ta yi.

Na shirya magana tun a mota, duk ta gudu. Sai kawai na ja labule, na ɗaga gefen rigata na nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wa kika ba?"

Har yanzu in na tuna sai abin ya soke ni. Na ce ban ba kowa ba. Na faɗa masa tun daga ranar hoton, da allurar, da dattijuwar ofishin ƙasa da gilasanta, da wa da ƙanen da suka yi kama. Na ce wanda ba mu so ne ya fito. Na ce an cire, an ce na tsira. Na ce ba za su karɓi tawa ba har abada.

Injin na ta ƙararsa. Ya ce, "Ranar da na kira ki kika ce kina gida, na ji lasifika." Na ce na sani. Ya ce, "Na zaci kin zo ki ce musu kin fasa."

Ya ɗora hannun da ba a jona ba a kan idonsa. Ya ce an yanka yayarsa yana kwance yana ƙirga laifinta. Ya ce wa ya riƙe min jaka, wa ya zauna a bakin ƙofa. Na ce Maigida. Ya ce, "Shi kaɗai? Kamar ba ki da kowa?" Muryarsa ta tashi har nas ta leƙo. Na ce na ji tsoron ka daina zuwa. Ya ce, "Ni yaro ne?" Na ce a wurina e. Ya ce to ya girma, tun bara ya girma, ni ce ban lura ba.

Nas ta koma wurinta. Can ya ce akwai abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba: tun da aka fara gwaje-gwajen yake mafarkin an fito da shi daga ɗakin fiɗa ni ba a fito da ni ba. Ya ce da ya zaci na janye, ya ji haushi, ya kuma ji sanyi, ya rasa wanne zai riƙe.

Na ce yanzu ya za mu yi. Ya ce, "Yadda muke yi. Litinin, Laraba, Jumma'a." Na ce likita ya ce za a sa sunansa a layin masu jiran ƙoda. Na ce ruwan fa. Ya ce zai rage. Na ce ka rantse. Ya ce ba zai rantse wa maƙaryaciya ba. Ya tambaye ni sunan abin da aka cire, na faɗa masa yadda na ji likita ta faɗa, ya ce ko sunan ma bai yi kama da abin kirki ba.

Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni a kan kujerar ba. Da na farka an kunna fitilu, an kashe injin, an naɗe robobin, gadajen gefe duk babu kowa. Yana zaune a bakin gado da takalmansa a ƙafa, auduga manne a hannu, fuskar nan ta yi toka kamar kullum in an gama, lokacin da ba abin da yake so sai ya ga kansa a gida. Amarya na tsaye da jaka. Nas ta ce min tun ɗazu aka gama, tana son rufe ɗakin, shi ya hana a tashe ni.

Ya miƙe a hankali ya ba ni hannu. Muka sauko, shi yana riƙe da ƙarfen matakala, ni ina riƙe da shi. A ƙasa ya ce wa mai tasi gidan Inna za mu fara zuwa.

Ya ce, "Ni zan faɗa mata. Ke ki zauna kawai."